Faifai Mai Jan Fenti

Da hantsi wata matashiyar uwa ta shigo ofishin 'yan sanda rungume da ɗanta, hannunsa na hagu naɗe da filasta. Yaron ko shekara biyu bai cika ba. Ta ce lafiya lau ta ajiye shi gidan reno ta wuce aiki, da ta dawo ta tarar da hannu a kumbure, likita ya ce ƙashi ya karye.

Mai gidan renon, wadda kowa ke kira Madam, ta ce Inna ce ta yar da shi, wato dattijuwar da ke kula da ƙananan yara. Tun jiya Inna na tsare a bayan kanta, kuma idan ba a samu wani bayani ba, kotu za ta.

Sufeton da ke sauraren ƙarar ta dubi 'yan yatsun da suka leƙo daga cikin filasta. Ita ma goyo ta baro a gida. Ta tambaya ko gidan na da kyamara.

"Akwai, yallaɓai," in ji uwar. "Wai kwamfutar ce take daskarewa, ba ta ɗauki komai ba."

Sufeto ta kira Kofur mai kula da na'urorin ofis, suka kama hanya.

Madam ta tarbe su da turare mai hawa kai da murmushin da bai wuce leɓe ba. Ofishinta shimfiɗe da darduma mai laushi, ɗakin yaran kuwa tabarmar roba ce duk ta zaizaye. Ta fara jawabi kan yadda take ɗaukar yaran nan tamkar ita ta haife su. Sufeto ta katse ta, ta ce a kunna kwamfuta.

Ta kunnu kamar abin kirki. Kofur na taɓa ma'ajiyar bidiyo, komai ya ƙame, kibiyar linzami kaɗai ke yawo a allo. Wata 'yar fitila a gaban akwatin ta kama ta ƙi mutuwa, daga ciki kuma ana jin ƙas, ƙas, ƙas.

"Kun dai gani da idonku," in ji Madam, tana gyara gyale.

Kofur ya durƙusa gaban akwatin. Ya duba fanka, tana juyawa, akwatin ba zafi. Ya tayar da kwamfutar daga filas, 'yar ma'ajiyar aljihun da ya zo da ita, ta yi ta aiki ba ko tuntuɓe. Ya buɗe akwatin ya sauya wayar faifan ajiya, ya sake gwadawa, ta sake ƙamewa. Ya ce wa Sufeto sauran kayan duk lafiyarsu ƙalau, faifan ne ya mutu: kwamfutar na neman abu a wurinsa, yana kasa ba ta, ita kuma ta tsaya jira.

Madam ta sauke ajiyar zuciya, har da cewa a kawo wa baƙi ruwa.

Sufeto ta sunkuya ta leƙa cikin akwatin. Ƙura ta kwanta a kan komai, ban da faifan. Shi fes yake, a karkace, ƙusa ɗaya tal ke riƙe da shi. A bayansa an shafa jan fenti.

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Mai gyara mana. Ni ina ni ina cikin kwamfuta? Dama na daɗe ina zargin mutumin nan da cuta."

Shagon mai gyara na bayan tasha, cike da gawarwakin kwamfutoci. Da ya ga faifan sai ya yi dariyar takaici. Ya ce tabbas ya san shi, shi ne wanda ya cire wa Madam watannin baya da kwamfutarta ta fara daskarewa. Al'adarsa ce duk faifan da ya mutu ya shafa masa jan fenti ya mayar wa mai shi, don kada gobe a ce ya riƙe kayan mutane. Faifan da ya saka mata a madadinsa sabon samfuri ne, ɗan siriri, ba ya ko ƙara.

"Kuma ni, yallaɓai, ba na ɗaure faifai da ƙusa ɗaya. Ita ce fa ta tsaya a kaina ranar, tana leƙen kowace waya, wai kada in sace mata wani abu."

Sufeto ta taɓe baki. Ashe leƙen bai tafi a banza ba.

Suka koma ofis aka fito da Inna, idanunta sun yi luhu-luhu. Da farko ta ce ita ce, tsautsayi ne. Sufeto ta ce ta nuna yadda yaron ya faɗi. Inna ta ɗaga hannu, ta rasa yadda za ta yi da shi.

"Inna, kin haife ni. Dube ni ki ce ke kika karya yaron nan."

Dattijuwa ta fashe da kuka. Ta ce ba ta ma gidan. Madam ce ta aike ta ta yi mata guga a gidanta, kamar yadda ta saba. Da ta dawo ta tarar yaro na tsala ihu, Madam kuma durƙushe gaban kwamfuta da wuƙar yanka burodi tana kwance ƙusoshinta. Madam ta ce mata ta amsa laifin, magana ce ta kwana ɗaya, in ta ƙi kuma ta nemi wani aikin.

Sufeto ta san irin Madam. Matar da ke sa ma'aikaciyarta guga kyauta ba za ta jefa sabon faifai a shara ba. Jira take ƙura ta lafa ta mayar da abinta.

Da takardar izinin bincike suka koma. A ƙasan durowa, cikin kunzugun jarirai, Kofur ya zaro faifan. Ya ɗaura shi, kwamfuta ta tashi sumul.

Bidiyon gajere ne. Yaron ya tako har ofis yana neman Inna, fitsari na bin ƙafarsa zuwa kan darduma. Madam ta ajiye waya ta taso. Sufeto ta kalla har ƙarshe don aikinta ne, amma ta tare ƙofa da jikinta, ta ce wa uwar ta jira a waje.

"Fizgarsa kawai na yi," in ji Madam, muryarta ta koma ta abin tausayi. "Dardumar nan ba a wanke ta da ruwa. Ki duba sunan makarantata, ke ma mace ce."

"Shi ya sa," in ji Sufeto.

A bakin ƙofa iyaye sun fara taruwa, kowace na janye ɗanta zuwa jikinta. Sufeto ta buga waya ta ce a saki Inna yanzu, a kuma ba ta abin hawa har gida. Madam ta waigo daga bakin mota, ankwa a hannu.

"Sufeto, faifan nan fa sabo ne. In an gama za a dawo mini da shi?"

Sufeto ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Kofur, shigar da ita a hankali. Mu ba ma fizga."