Keken da Aka Jingine a Ƙofar Malam Bawa

Ranar da Mainasara ya fara jingine kekensa a ƙofar gidan Malam Bawa a Sifawa, Zulaihatu ce ta kawo masa ruwan wanke hannu. Ta zuba, ya wanke, ruwan ya ƙare, hannunsa na nan a miƙe. Ita ma ba ta sauke butar ba. Ni dai ban san wanda ya fara dawowa hayyacinsa ba.

Mainasara malamin asibiti ne a Bodinga. A shekarun nan da sabulu ma sai an yi layi, ya ɗauki aikin da ba mai so: bin marasa lafiyar da asibiti ya sallamo, aka ce sai addu'a. Malam Bawa, mahaifin Zulaihatu, yana cikinsu. Ciwon daji ya ci cikinsa, wata biyu bai yi barcin kirki ba.

Mainasara bai yi alkawarin warkewa ba. Ya riƙa ba shi maganin rage zafi a kan lokaci, ya koya wa Zulaihatu juya shi kada bayansa ya yi gyambo, da jiƙa masa leɓe da auduga. Sannan ya zauna yana sauraron hirarsa ta noman albasa. A kwana na uku tsoho ya yi barci har da minshari.

Wata rana Zulaihatu ta ga ƙarin rubutu a takardar da Mainasara yake naɗe ƙwayoyi:

"Ɗaya da safe, ɗaya da marece, na Baba ke nan. Ni kuwa, Zulai, ganinki sau ɗaya a yini ke riƙe ni."

Ta rubuta a baya: "Likitana, gobe ka iso da wuri. Baba ne ke tambaya." Baba kuwa yana ta barcinsa.

Tun daga nan, ko kwano aka buga a waje, ƙararrawar keke take ji.

Sai Mijinyawa, wani dillalin albasa na garin Shagari da ya daɗe yana sonta, ya zo gaida mahaifiyarta Inna Laraba.

"Inna, ki lura hwa," in ji shi. "Duk ƙohwar da anka jingine keken ga, ba a wata ukku sai an hiddo gawa. Mutanen Dingyadi keken makara suka ce mai."

Inna ta tuna gidajen ɗaya bayan ɗaya, ta ga haka ne. Tsoro ya kama ta, ta aika a gaya wa Mainasara kada ya sake zuwa.

Shi ya zaci da yardar Zulai aka kore shi. Ita ta zaci ya gaji ne. Magani ya ƙare, zafi ya dawo wa tsoho, ita kuma ta rasa wanne za ta yi wa kuka.

A kwana na biyar Malam Bawa ya kira matarsa.

"Laraba, ina yaron ga?"

"Malam, an ce mutuwa shika kawowa gidajen mutane."

"Nan yat tarad da ita, zaune bisa tabarmata. Kowa ya ja baya, shi ɗai yaz zauna da ni. A kira mani shi."

Mainasara ya dawo. Da zafin ya lafa, ya durƙusa ya ce, "Baba, mi kaka marmarin gani?"

"Albasata."

Da hantsi suka shimfiɗa shi a amalanken shanu, suka gangara fadama a hankali. Ganye ya yi shar, ruwa na kwance a kwamamen ban-ruwa. Zulaihatu ta tsinko masa lawashi, ya shinshina, ya lumshe ido. Ya daɗe haka kafin ya dubi Mainasara.

"Na ga yadda kar riƙe ni, ni da ba ni da sauran amfani gare ka. Haka nika so a riƙe mani ɗiyata."

Ranar Juma'a aka ɗaura auren a zaurensa, yana jingine da filo, da bakinsa ya bayar da ita. Bayan kwana goma sha biyu ya cika, ba nishi, hannunsa cikin na Laraba.

Watanni suka wuce. Ango da amarya sun zo gaida Inna, sai aka aiko daga maƙwabta: an sallamo wata tsohuwa daga asibiti, ana so Mainasara ya zo ya duba ta, amma a taimaka a ɓoye keken a bayan gida.

Inna ta tashi da kanta ta turo keken.

"Tahi, ɗana, Allah shi yi maku albarka kai da Zulai. Ka jingine shi inda kowa ka gani."