Hatimin Daraktan Ruwa

Ni na fara gani, tun kafin kwamitin bincike ya san da zancen. Ban san ko bihim ba a boko, amma shekara talatin ina tuƙa manya, madubin mota ya nuna mini abin da digiri bai nuna musu ba.

Maigidana darakta ne a hukumar ruwa. Ran da aka ba shi aikin rijiyoyi arba'in na ƙauyuka, da rana tsaka ya ce in kai shi wajen boka. Ni na riƙe masa jaka, shi ya sa na shiga. Ɗaki ba taga, ƙasa jiƙe sharkaf alhali rani ne. Tuluna bakwai a kife, na takwas a buɗe, wani abu yana numfashi a ciki.

Boka ya karɓi hatimin ofis ya tsoma a tulun. Ya fito baƙi ƙirin, yana ɗiga.

"Duk takardar da ka buga wa wannan, mai dubawa zai ga ruwa ko a kan dutse. Amma ruwan da ka rubuta, sai an ɗebo shi daga wani wuri."

"Daga ina?"

"Ka damu ka sani?"

Darakta ya yi dariya, ya ce a ɗebo ko daga ina ne.

Ko rijiya ɗaya ba a haƙa ba. Na kai masu bincike, suka tsaya kan busasshiyar ƙasa suna yaba sanyin ruwa. Darakta ya tsayar da bene hawa uku.

Sau uku ina zuwa kwamiti da ƙafata. Suka ce, "Baba, sai a rubuce." Na ce da ido na zo, ba da biro ba. Suka nuna mini akwatin ƙorafi, wanda makullinsa ke aljihun darakta.

Sai babbar 'yarsa ta fara ƙishi. Tana sha, leɓe na tsagewa, har ta rasu da kofi a hannu. Ƙaninta ya bi ta. Uwarsu ta zare, tana tonon falo da farce, wai ta kusa cim ma ruwa. Darakta yana nan, ya bushe kamar ƙirgi, yana lasar bango.

Ni kuwa ko kurɓa ban taɓa yi a gidan ba. Da gorata nake zuwa, suna ce mini baƙauye. Ga ni, shekara tamanin da biyu, haƙorana cif.

Kwamiti ya rufe fayil, wai takardu sun cika. Matan ƙauyukan har yau daga kududdufi suke ɗiba. Kai mai riƙe da hatimin jama'a, abin da ka hana su daga ɗakinka za a cire shi.

Mai musu ya zo, har yanzu ina tuƙi. In kai shi gidan, in cika masa kofi a famfonsu, ya shanye a gabana.