Ɗan Maci Amana

"Ko shi ɗai ya rage duniya, ba ki aurenai."

Zainabu ta ajiye kwanon tuwo gaban babanta, ta ƙi tashi.

"Baba, mi Isa ya yi?"

"Ubanai ya yi."

Saje Ɗangana tsohon soja ne, shi ke tsaron ƙofar silima a Yelwa. Mako guda ke nan ana nuna wani fim, na mutumin da ya yi shekara da shekaru yana farautar wanda ya haɗa kai da abokan gaba lokacin yaƙi. Kullum Saje sai ya kalla a tsaye, ya dawo ido jawur. Jiya kuma ya je Wara binciken asalin Isa, masuncin da ke neman 'yarsa, aka nuna masa uban daga nesa yana ɗinkin taru.

"Can Malam Audu suka kiranai. Tamada ne, kukunmu a soja. Da aka kama shi a yaƙin basasa, shi ya nuna masu hanyar sansaninmu. Mutum sha ɗaya muka rufe, har da ƙanena Dudu."

"Isa na ɗan shekara shida lokacin, Baba..."

"Gobe ni koma Wara. Na ga yadda aka gamawa da irinsu."

Gari na wayewa Zainabu ta riga shi shiga motar Wara. A bakin ruwa ta tarar da Isa yana kwashe kifi daga kwalekwale.

"Ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. "Na sani, Abu. Tsoron rasa ki ya rufe min baki, sanyin idona..."

"Wanga hushi sai daga baya zan yi shi. Kai ni gidanku."

Da azahar Saje ya iso, tsohuwar wuƙarsa ta soja naɗe cikin buhu. Ya tarar da 'yarsa tsaye ƙyam a ƙofar gidan.

"Matsa."

"Ba ni matsawa."

"Ni kike faɗa ma haka?"

"Kai, Baba. In ka shiga, gidan yari za ka ƙare. Inna ta rasa miji, ni in rasa uba. Baba Dudu ko ba ya dawowa." Ba ta ja da baya ba. "Isa kuma ina son shi. Ko ka yanka ni, wannan ba ya canzawa."

Sai Tamada ya fito da kansa, ya zauna a ƙasa gaban Saje.

"Kwana uku suna dukana, Saje, ran na huɗu na yi magana. Ban ce ba ni da laifi ba. Ga ni. Yaran dai ka bar su."

Saje ya daɗe yana kallonsa. Ya sa ran ganin dodo, sai ga wani ɗan tsoho ba haƙora.

"Ban yafe ba," in ji shi.

"Ban roƙa ba."

Saje ya juya ga Zainabu. "Taurin kan nan na Dudu ne. Wuce mu tai gida. Mai son ki ya turo manyanai, ban da wanga."

Bayan sallar layya aka ɗaura auren. Har Tamada ya rasu Saje bai taɓa miƙa masa hannu ba. Amma ran jana'iza ya je, ya tsaya a sahun ƙarshe, Isa na gefensa.