Zanen Fensir a Ƙofar Shagon Baba

Auta ta shiga shagon gyaran waya, gilashin wayarta ya tsage kamar saƙar gizo-gizo. Saurayin da ke bayan tebur ya ɗago kai ya dube ta, sai 'yar ƙusar da ke hannunsa ta suɓuce, ya rasa inda ta faɗa.

"Sannu da aiki, Injiniya. Wannan za ta tashi kuwa?"

"In dai ba ruwa ta sha ba, za ta tashi."

Sai wani haushi ya fito daga ƙarƙashin teburin. Auta ta ja da baya da sauri. Ɗan kwikwiyo ne fari a cikin kwali, kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance.

"Wani kwastoma ne ya bar min shi da zai bar gari," in ji saurayin. "Kada ki ji tsoro, baki ne kawai da shi."

"Kamar ubangidansa?"

Ya yi dariya har ya sake yar da wata ƙusar. Gyaran minti ashirin ya ci awa guda, kuma daga ranar sunan Injiniya ya bi shi.

Mahaifin Auta kafinta ne, fensir a bayan kunne, tef a aljihu. Ya aurar da yayyenta biyu, ita kaɗai ta rage masa. Duk saurayin da ya zo sai ya auna shi da ido kamar katako, ya samo masa inda ya tanƙware. Ba mugunta ba ce. Tsoro ne irin na uba, wanda ba ya iya faɗa.

Ranar da Injiniya ya je gaishe shi a shago, ya tarar da shi cikin ɓacin rai. An ɗauke masa injin goge katako da tsakar rana, yana can bayan shago yana sauke kaya.

"Kare nake nema," Baba yake faɗa wa abokansa da ke zaune a benci. "Babba, wanda ɓarawo zai hango ya canza hanya."

Injiniya yana durƙushe, gumi na bin wuyansa, bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

"Baba, ai ina da ɗan kwikwiyo. Irin manyan nan ne na gadi."

Har ga Allah a lokacin haka yake zato, don haushin ya fi ƙarfin jikin.

Washegari ya kawo shi a kwali. Baba ya sa masa suna Barde, ya ƙera masa ɗan ɗaki a harabar shago. Sannan ya zaro tef, ya auna ƙafa biyu daga ƙasa a jikin ƙofa, ya ja layi da fensir.

"Na san abin da ke kawo ka. Ranar da bayan karen nan ya taɓa layin nan, ka turo magabatanka. Shi yana girma, ni ina auna ka."

Abokan suka ce sun shaida.

Bayan mako biyu Injiniya ya kai Barde wurin likitar dabbobi a yi masa allura. Ya tambaye ta yaushe zai kai ƙafa biyu. Ta cire tabarau ta dube shi.

"Wane ne? Wannan? Dubi tafin ƙafarsa mana, ɗan mitsitsi. Ƙananan karnuka irin wannan da wuri suke gamawa. Daga wata shida zuwa takwas tsayi ya kusa tsayawa, kafin shekara an rufe. Manyan ne ke kai shekara ɗaya da rabi ko biyu suna girma. Wannan ko sa guda ka yanka masa, da wuya ya wuce inci goma."

Injiniya ya ɗauki Barde ya fito. Sau uku ya kama hanyar shagon Baba don ya faɗa, sau uku ya juya daga kwana.

Ita kuwa Auta duk Asabar sai ta ɗauki tef ɗin mahaifinta ta durƙusa a ƙofa, ta ja ɗan layi a saitin bayan Barde, ta aika saƙo.

"Injiniyana, yau inci bakwai! Ya ƙara guda cur. Ka fara ɗinka kaya."

"Madalla, Hasken idona. Allah ya ƙara masa."

Yana aikawa sai ya kife wayar a tebur, ya kasa kallonta.

Da farko layukan sun riƙa hawa kamar tsani. Daga wata na bakwai suka fara matsowa kusa da juna, har suka haɗe suka zama baƙin tabo ɗaya a inci goma. Injiniya ya dinga kawo ƙwai da kifi da guntun nama. Barde bai ƙara tsayi ba, sai faɗi, har ya koma kamar matashin kujera mai ƙafafu.

Ana cikin haka ɗan mai sayar wa Baba katako, wanda shi ma yake son Auta, ya zo da ƙaton karensa a bayan mota. Barde ya shige ƙarƙashin benci, daga can yake zuba haushi.

"Kai, Barde ya fusata, ku riƙe shi!" in ji ɗaya daga abokan Baba, yana share hawayen dariya. "Malam, kyanwar gidana fa ta fi shi girman jiki."

"Baba, in gadi ake so, ga nawa nan," in ji ɗan mai katako. "Ba sai an jira ba."

 Baba ya sunkuyar da kai yana goge katakon da ya riga ya yi sumul.

Da yammar ranar saƙon Auta ya shigo.

"Wata uku ke nan layin bai motsa ba. Ka san wani abu da ban sani ba?"

Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. Daga ƙarshe ya aika.

"Na sani, Haske. Tun allurar farko likita ta ce ba zai wuce haka ba. Kunya ce ta hana ni faɗa, da tsoron rasa ki. Ki yafe min."

"Ba ƙanƙantar Barde ce ta yi min ciwo ba. Ka bar ni ina durƙusawa da tef duk Asabar ina murna, kai kana kallona. Kada ka kira ni."

Kwana shida bai ji muryarta ba. A na bakwai ya rufe shagonsa da hantsi, ya tafi wurin Baba. Benci cike yake da abokai. Ya so a ce babu kowa, amma a gabansu aka ja layin, don haka a gabansu ya durƙusa.

"Baba, na zo da laifi. Barde ya gama girmansa. Ba zai taɓa layin nan ba har abada. Na daɗe da sani na ɓoye. Ban zo roƙon komai ba, na zo ne in daina ƙarya."

 Auta, da ta kawo wa mahaifinta ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa da kofi a hannu.

Baba ya ajiye zarto. Ya sa hannu a aljihu, ya zaro wani ɗan kati da ya sha ninki, ya miƙa masa. Katin asibitin dabbobi ne.

"Wata uku da suka wuce na sa shi a kwalin ƙusa na kai shi da kaina, ina ɓoyewa kada waɗannan su gan ni. Abin da ta faɗa maka shi ta faɗa min."

"Baba, kun sani?" in ji Auta.

"Na sani, uwata." Bai iya dubanta ba. "Na yi shiru don na cika baki a gaban mutane. Kuma akwai wanda ya fi wannan muni. Daɗi na ji. Na ce a raina, in kare bai girma ba, 'yata ba za ta tafi ba. Ina ganinki kina ramewa ina cewa zafi ne. Jiya mahaifiyarki ta tambaye ni, kare nake kiwo ko ke. "

Ya share ido da bayan hannu, garin katako ya manne masa a kunci.

"Yaron nan ya fi ni. Shi ya iya buɗe baki, ni da furfurata na kasa."

Ya cire fensir daga bayan kunne, ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa na ƙara. Ya kira Barde ya tsayar da shi a jikin ƙofa, ya ja sabon layi daidai bayansa.

"To, ya taɓa. Ku shaida."

"Mun shaida!" in ji abokan. Mai kyanwa ya ƙara da cewa, "Wannan shi ne kafinta, in ƙofa ta ƙi shiga sai a rage ta."

Injiniya ya saci kallon Auta.

"Haske, an yafe min?"

"Sai ka yi Asabar goma kana auna shi da kanka," ta ce, tana rufe fuska da gefen mayafi, murmushin ya ƙi ɓoyuwa.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Gado da kujeru duk Baba ne ya ƙera su da hannunsa, ya ƙi yarda kowa ya taya shi. Da za a tafi da amarya ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raba ku da ɓoye wa juna magana, ko da ta kunya ce."

Barde ya zauna a shago, kuma tun zuwansa ko ƙusa ba a sake ɗauka ba, don baƙo bai isa ya taka harabar ba unguwa ba ta ji ba.

Wata rana ango ya zo gaisuwa, ya ga tsohon layin nan na ƙafa biyu yana nan. Ya ɗauki tsumma zai goge.

"Bar shi," in ji Baba. "Jikana nake jira ya taɓa shi."