Wa Zai Kai Wa Baƙi Naman Ederlezi?

Zumreta na durƙushe a tsakar gida tana wanke tukwanen biki lokacin da ta gaya wa uwar mijinta, Nazmija, cewa an sa jarrabawarta ta ƙarshe ranar Ederlezi, babban bikinmu na shekara. Tsohuwar ta dire kofin gahawa har sai da ya fantsalo.

A wajenmu 'yan ƙabilar Roma na garin Vranje a ƙasar Sabiya, ranar wannan biki matar ɗa ce ke kai wa baƙi gasasshen rago da hannunta, babba kafin ƙarami. Gidan da aka shiga ba a ga suruka tsaye kan baƙi ba, sai an shekara ana yi da shi.

Ita kuwa Zumreta ta daɗe tana mataimakiya a firamaren unguwa. Malama ta faɗa da Sabiyanci, ita ta juya wa yaranmu da yarenmu na Romanci. Ita ce share hawaye, ita ce bin gida-gida neman wanda bai zo ba, amma alli ba ta isa ta riƙe ba. Da aka buɗe wa irinsu hanyar karatun ƙarshen mako don su sami takardar koyarwa, ta shiga da ƙarfinta. Abin da ya rage kawai ta koyar da aji a gaban masu jarrabawa. Rukuninsu ne na ƙarshe a shirin, wanda ya rasa ranar ya rasa ke nan.

"Allo ne zai raba mana nama?" in ji Nazmija. "Mata na auro wa ɗana, ba makaranta ba. In kin sa ƙafa waje ranar nan, ki zarce gidan ubanki."

Abin haushi, jikokin wannan Nazmija ɗin ta wajen 'yarta, a bakin Zumreta suka fara gane karatu. An ci moriyar ganga ana neman ya da kwaurenta. Amma wanda ya fi ba ni takaici shi ne Ismet, mijin Zumreta, mai busa ƙaho a ƙungiyar makaɗan unguwa. Mutumin da ke tashin gari da busa, a gaban uwarsa ko tari bai yi ba.

A ɗaki Zumreta ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta ce wa Ismet ba ta nemi ya yi faɗa da Inna ba, kuma ba za ta kashe aurenta a kan takarda ba, za ta zauna. "Sai dai ka sani, yaran nan ba su taɓa ganin tamu a gaban allo ba." Ya sunkuyar da kai ya fita.

Da safiyar bikin ta yi kwalliya ta ɗauki tiren nama. Sai ga Ismet ya dawo, ya bar makaɗa suna ta cigiyarsa. Ya karɓe tiren, ya kwance ƙyallen girkin da ke ƙugunta ya ɗaura a nasa.

"Je ki, kar ki makara."

Nazmija ta taso tana tambaya ko haukacewa ya yi, namiji da gemunsa zai yi aikin suruka a gaban dangi.

"Inna, nama baƙi suka zo ci, ga nama. Kunyar kuma ki bar mini, ni zan ɗauka."

Ya kuwa ɗauka. Ya durƙusa gaban kawunsa ya miƙa, maza suka kwashe da dariya. Wani ya ce amarya a ƙaro gishiri, wani ya tambayi nawa aka biya sadakinsa. Kunnuwansa suka yi ja, bai ajiye tiren ba sai da ƙaramin baƙo ya ƙoshi.

Zumreta ta ci jarrabawa, yanzu aji guda ne a hannunta. Nazmija ta yi wata ba ta amsa gaisuwarta, Zumreta ba ta fasa gaishe ta ba, har tsohuwar ta gaji ta amsa.

To, 'yan mata, haƙuri yana biya, amma ku duba wa kuke yi wa shi. So ba busa a ƙarƙashin taga ba ne, masoyi shi ne wanda zai sha kunya domin ku ku tsaya da ƙafarku. Har yau mazan unguwa amarya suke kiran Ismet, shi kuma yana amsawa.