Sunan da Kwamfutar Ke Amsawa

Wane irin mutum ne ke kishi da wanda ke kabari? Abdulmalik dai ya yi. Marigayi Mode, mijin Salma na farko, shi ya haɗa kwamfutocin shagonta na buga takardu a kasuwar Boɗinga, ya raɗa wa babbar sunansa. Da Abdulmalik ya aure ta, sai ya buɗe fayil ɗin hosts, inda ake haɗa sunan kwamfuta da lambarta, ya goge "mode" ya sa nasa. Tun ranar ƙananan suka daina ganin babbar, aiki ya tsaya.

"Malam, ka mai da sunan mana," in ji Salma. Ya ce har abada.

Da magariba yana shi kaɗai a shagon, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin, alhali rani ne. Wani ya tsaya bayansa.

"Ango, lamba daidai ta. Suna na kwamfutar ba ta sani ba."

Ya dubi gilashin kwamfutar. Ga fuskarsa, ga ƙofa, babu kowa tsakani. Amma numfashi mai sanyi na taɓa ƙeyarsa.

"Salma kaɗai na bar maka."

Ya buɗe fayil ɗin, ya rubuta: mode.