Safa a Fankar Kaka

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban ƙware ba, kuma a ɓoye nake yi.

Wata yarinya ce ta wanke safarta ta makaranta, safa ta ƙi bushewa. Sai ta lallaɓa ɗakin Kaka, ta rataya ta a bayan fanka mai caji, ta kunna. Kaka kuwa ba ta iya barci sai da fankar nan.

Fanka ta zuƙe safa, ƙiii, ta tsaya. Ta yi ta gurnani, can sai ƙauri.

"Wa ke babbaka roba a ɗakina?" in ji Kaka.

Yarinya ta fashe da kuka. "Ni ce, Kaka."

"Sannu, injiniya! Yau ke ce fankata."

Yarinya ta yi ta yi wa Kaka fifita har hannu ya sage. Washegari ta rungumi fanka, sai shagon Kawu mai gyara.

Kawu ya kwance ta, ya zaro safa, ya toshe hanci. "Wannan ce wankakkiyar?"

Ta yi dariya da guntun hawayenta. "Kawu, ai tsayawa kawai ta yi. In ta tsaya ba hutawa take ba?"

"Ina! Kin ga ɗan allon nan? Shi ke aika wuta cikin wayoyin injin, bi da bi, maganaɗisu na bi yana juyawa. In injin na juyawa, shi ma yana haifar tasa wutar, tana ture mai shigowa, kaɗan ke wucewa. Da safarki ta shaƙe shi, babu mai turewa. Wuta ta kwararo gaba ɗaya, allo ya ƙone."

"Fanka na yin wuta? Kai, Kawu!"

Ya haɗa ɗan ƙwan fitila a wayoyin injin guda biyu. "Murza fankar da ƙarfi."

Ta murza. Ƙwai ya yi wal! Ta daka tsalle. "Ni na kawo wuta!"

Ta murza, ta sake murzawa, sai da Kawu ya ƙwace. Ya sa sabon allo, ita ta ɗaure ƙusoshi. Ranar Kaka ta yi barci har da minshari.

Darasi dai shi ne, kada ka taɓa kayan wani sai ka tambaya, kuma in ka ji inji ya maƙale, kashe shi maza. Ga Umma can tana ƙwala mini kira, amma akwai abin da Kaka ta ce da ta farka, wai… Na'am, Umma, ga ni nan zuwa!